Ƙarami da Injin Huda Marar Waya

Furfura ta riga ta fito masa a gemu, amma har yau Ƙarami ake kiransa. Sunan ya kama shi ne tun ranar da yayansa ya kawo shi shagon kafinta bayan rasuwar mahaifinsu, ya ce wa maƙwabta, "Ga ƙaramin namu, zai riƙa kama mini aiki." Daga nan sunan yanka ya ɓace. Hatta 'ya'yansa, in baƙo ya tambaye su 'ya'yan wa ne, sai su ce na Baba Ƙarami.

Shagon doguwar rumfa ce ta kwano a bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Da ka shiga, warin gam da ƙanshin ɗanyen katako ne ke fara tarbarka. Teburin aiki na tsakiya, duk jikinsa sara ne da tabon fenti. Alluna a jingine a bango, garin katako ya taru a kusurwa har yana binne ƙafa. Sai kuma wayoyin wuta, wasu a rataye a ƙusa, wasu a kwance a ƙasa an naɗe inda suka ɓare da baƙin salatif. Duk wanda ya daɗe yana aiki a wurin ya iya tafiya yana ɗaga ƙafa ko idonsa a rufe. Komai na cikin shagon na Yaya ne, tun daga babban injin zarto har fensirin da Ƙarami ke maƙalawa a kunne.

Yaya ba mugu ba ne, wannan kowa ya shaida. Shi ya koya wa Ƙarami aiki, shi ya tsaya masa lokacin aurensa, shi ya yanka masa ɗakuna biyu a bayan gidansa ya ce ya zauna har Allah Ya hore masa nasa. In yaron Ƙarami ya yi zazzaɓi, Yaya ne farkon mai zuwa da magani. Sai dai Yaya mutum ne da ba a gama magana a gabansa. Kana fara jimla zai ƙarasa maka ita yadda yake so, ya dafa kafaɗarka, ya ce, "Ai na san abin da ke ranka." Ƙarami ya girma a ƙarƙashin wannan dafawar.

Da aiki ya yi yawa suka raba. Yaya yana shago yana karɓar masu kawo aiki, Ƙarami yana fita sababbin gine-gine, yana kafa ƙofofi da kabad-kabad na kicin. Gidajen nan galibi ba a kai musu wuta ba, don haka duk inda za shi sai an ɗora masa ƙaramin janareta da jarkar mai da naɗaɗɗiyar waya mai nauyin tsiya. In aikin a bene yake, janaretan yana ƙasa yana ihu, wayar ta biyo matakala. Yana tsakiyar huda sai wani lebura ya taka ta ta zare, ya sauko ya mayar, ya sake hawa. In an gama, mai gida ya zagaya ya shafa ƙofa, ya yaba, sannan ya ce, "Ka gaida ogan naka, ka ce masa aikinsa ya yi kyau."

A irin wannan gini ne ya fara riƙe injin huda marar waya. Wani mai haɗa wuta ne ya ga yana fama da janaretan da ya ƙi tashi, ya zaro nasa daga jaka ya miƙa masa.

"Ungo, Malam, huda da wannan kafin naka ya huce fushi."

Ƙarami ya juya abin a hannu yana neman inda wayar take fitowa. Batir ne kawai a maƙale a gindinsa. Ya danna, injin ya yi wani siririn kuka, har da 'yar fitila a baki tana haska inda za a huda. Ya hau tsani, ya sauko, ya shiga cikin kabad ya kwanta rigingine ya ɗaure sukuru a lungun da hannu ba ya kaiwa. Babu abin da ya ja shi ta baya. Da ya mayar wa mai shi, sai ya ji hannunsa ya yi wani irin fayau.

Tun daga ranar hanyarsa ta komawa gida ta canza. Akwai wani shagon kayan aiki a kan babban titi, na wani dattijo da ake ce wa Mai Gilashi, saboda tabaran da ke zaune a kan karan hancinsa kullum. Injinan marasa waya suna jere a bango, kowane kamfani da launinsa, kuma da launin ake kiransu: ja, kore, ruwan toka. Ƙarami yakan tsaya ya ce a sauko masa da wannan, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce a sauko da wancan. Ya koyi cewa mai batirin volt sha biyu ya fi sauƙin ɗauka amma ba ya jure katako mai tauri, mai sha takwas ne na mai sana'a. Ya koyi cewa wani injin yana da burushi a cikinsa da ke cinyewa, wani babu, shi ya sa ba ya saurin zafi. Ya gane jan ya fi ƙarfi amma kansa ya fi nauyi, in ka wuni kana aiki sama da kai sai wuyan hannunka ya gaya maka. Mai ruwan toka ya fi araha, sai dai ba a cika samun batirinsa a kusa ba. Koren kuwa mariƙinsa kamar an auna da hannunsa aka yi.

Mai Gilashi bai taɓa korarsa ba, har gutsuren katako ya ajiye masa a ƙarƙashin kanta don gwaji. Wata rana dai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kafinta, katakon nan ya zama rariya. In za ka saya ka saya, in zance ka zo mu kawo tabarma."

"Ina dai dubawa ne, Baba."

"To, ka duba da kyau, domin abu ɗaya zan gaya maka. Batirin ja ba ya shiga kore, na kore ba ya shiga ja. Ran da ka ɗauki ɗaya ka shiga gidansu ke nan. Gobe in za ka sayi zarto, nasu za ka saya. Jibi injin goge katako, nasu. Sai dai in kana da aljihu biyu."

Ƙarami ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Shi ya sa ya ƙara jan ƙafa.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta yana ɗakin gaba kusa da taga, kuma Tela yake kiranta in suna raha. Ita ta san abin da ke ƙarƙashin wannan kwatance-kwatancen. In ya dawo ya zauna a bakin gado yana kallon bidiyon masu gwada injina a waya, wannan ya huda ƙarfe, wancan ya faɗo daga tsani bai fashe ba, sai ta tsayar da keke ta ce, "Baban yara, yau wa ya ci, ja ko kore?"

"Kore ne a gaba."

"Jiya ma shi ne a gaba. Mutumin nan da yake ta cin gasa, yaushe za a ba shi kofinsa?"

Ita abin da take so bai wuce ɗaki a bakin hanya inda masu ɗinki za su same ta ba tare da sun ratsa tsakar gidan wani suna gaishe-gaishe ba. Shi kuma ya san in yana da injin huda da zarto nasa na kansa, waɗanda za su shiga jaka ɗaya ya rataya, ba ya bukatar janaretan Yaya, ba ya bukatar motar da za ta ɗauko shi. Bai taɓa faɗin haka da baki ba, ko a gabanta.

Sai ga wani ɗan kwangila da Ƙarami ya taɓa yi wa aiki ya tare shi a wani gini. Ya ce ya samu jerin gidaje a can bayan gari, ƙofofi da kicin duka, aikin da zai ɗauki lokaci mai tsawo.

"Kai nake so, ba shagonku ba," in ji shi. "Hannunka na gani. Ka zo da kayan aikinka, mu yi magana ni da kai. Ba a fara ba tukuna, sai an gama filasta. Ka yi shawara."

Ƙarami ya dawo yana jin ƙirjinsa kamar an buɗe taga. Ya shirya maganar da zai yi wa Yaya, ya maimaita ta a hanya. Zai fara ne da wahalar janareta, yadda yake cin mai, yadda yake ɓata lokaci, daga nan ya gangaro kan cewa yana so ya sayi 'yan kayan aiki nasa, daga nan kuma sauran.

Bai samu ya fara ba. Washegari da ya shiga shago ya tarar da Yaya a tsaye a gaban tebur yana murmushi, ga wani babban kwali a buɗe. Injin huda ne da na ɗaure sukuru da zarto mai faifai, da caja, da batura. Duka jajaye.

"Mai Gilashi ya tona maka asiri," in ji Yaya yana dariya. "Ya ce ka kusa cinye masa kanta da ido. Haba, Ƙarami, kana son abu ba za ka faɗa mini ba? Ni ne fa. Na ce ya ba ni wanda ya fi kowanne ƙarfi. Daga yau ka huta da jan waya."

A gefen kowane inji an riga an rubuta sunan shagon da farin fenti, rubutun Yaya mai karkata. Fentin bai gama bushewa ba.

"Na gode, Yaya. Allah Ya ƙara buɗi."

"In za mu ƙara wani abu nan gaba, jan za mu riƙa saye, batir ɗaya ke nan. Ka ga an huta."

Mai walda da mai fenti suka leƙo suna sa albarka, suna cewa samun ɗan'uwa irin wannan sai an tona. Ƙarami ya tsaya a tsakiyarsu da jan inji a hannu, yana amsa musu da amin.

Injinan suna da kyau, bai taɓa cewa ba su da shi ba. Aikinsa ya yi sauri, ya daina dawowa da warin mai a riga. Amma kowace yamma sai ya biya shago ya jera su a kan shiryayye, ya sa batura a caja, Yaya ya ƙirga su da ido kafin a rufe ƙofa. Hujjar da ya tanada ta mutu, bai san ta inda zai sake ɗauko zancen ba.

Ɗan kwangila ya kira ya ce an kusa gama filasta. A ranar Ƙarami ya kwashi abin da ya daɗe yana tarawa, Tela ta ƙara masa da nata ba tare da ya tambaya ba, ya nufi wajen Mai Gilashi.

"Koren za ka ba ni, Baba. Na huda da zarto."

Dattijon ya sauke tabarau. "Ba ja ne a shagonku ba? Batirin fa ba zai..."

"Na sani."

Mai Gilashi ya juya ya sauko da kwalayen. Da yake ɗaure su da igiya ya ce a hankali, "Wancan karon bakina ya yi sauri. Wannan karon ban gan ka ba."

Ya shigo da su gida a cikin buhu, ta ƙofar baya, kamar kayan sata. Suka tura su ƙarƙashin gado bayan ledojin yadin mutane. Matsalar ita ce caja. Tana da wata 'yar fanka a ciki mai ƙara, ga bangon da ya raba ɗakinsu da na matar Yaya bai kai rufi sosai ba. Sai Tela ta riƙa taka kekenta da ƙarfi duk lokacin da aka jona, ko da babu abin ɗinkawa, tana bin tsumma da allura tana dariya ƙasa-ƙasa. Shi dariyar ba ta zo masa ba. Mutum da gemunsa, ya sayi abu da guminsa, yana ɓoye shi a gidan da aka haifi 'ya'yansa.

Ya sa wa kansa rana. Ya ce ran da aka kai kabad ɗin da ke kan tebur, zai zaunar da Yaya ya faɗa masa komai, ko sama za ta faɗo.

Ranar ta zo. Da la'asar mota ta tafi da kabad, shago ya yi shiru in ban da ƙarar mai walda. Ƙarami ya share hannu a wando ya ce, "Yaya, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ni ma haka. Jawo benci."

Yaya ya tashi ya je bayan alluna ya jawo wata ƙofa da Ƙarami bai san da ita ba, ya jingina ta a tebur. Ko ba a sa tef ɗin awo ba ana ganin ta gaza, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya. Ya sake jawo wata, ita ma haka.

"Ni na yanka su," in ji Yaya. "Na ɓoye don kunya. Layin fensir nake gani biyu, wani lokaci ba na ganinsa sam. Na je asibiti ban gaya wa kowa ba. Likita ya ce ciwon sukarin nan ne ya taɓa idon. Za a yi ƙoƙari a tsayar da shi, amma abin da ya tafi ya tafi. Ya ce in na sake kusantar zarto, yatsuna ne a gaba."

Ƙarami ya dubi idanun yayansa, ya ga yadda suke neman fuskarsa suna ɗan kaucewa gefe. Ya tuna 'yan watannin nan da Yaya ke miƙa masa tef yana cewa, karanta mini, hasken nan ba shi da kyau.

"Yaran nawa ka san su," Yaya ya ci gaba. "Babban yana ofis ɗinsa a wani gari, ƙaramin ko guduma bai iya riƙewa ba. Gidan nan gaba ɗaya, da naka da nawa, shagon nan ne ke ci da shi. Ba ni da kowa sai kai." Ya miƙo hannu ya laluba ya sami kafaɗarsa. "To, faɗi taka. Ko da yake na san ta. Waɗancan korayen na ƙarƙashin gado ne, ko? Matata ta ji kukan cajar tun ranar farko. Ka so ka ba ni mamaki ne, ka ƙara wa shago kaya. Allah Ya yi maka albarka. Ka kawo su gobe, an ce batir in ya daɗe a ajiye lalacewa yake."

Ƙarami bai san ko Yaya ya yarda da abin da ya faɗa ba, ko kuwa ya san gaskiya ya zaɓi ya rufe ta haka. Har yau bai sani ba. Bakinsa ya buɗe, maganar da ya shirya tana nan a kan harshe, amma ga hannun nan a kafaɗarsa.

"To, Yaya," ya ce. "Allah Ya ba ka lafiya."

Da ya gaya wa Tela ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi masa ciwo ke nan. Ta durƙusa ta jawo kwalayen da kanta, ta goge musu ƙura da gefen zane, ta ajiye a bakin ƙofa. Ɗan kwangila kuwa da Ƙarami ya kira shi ya ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Ayya, Allah Ya sawwaƙe," ya kashe waya. Cikin mako ya sami wani kafinta.

Yanzu Ƙarami ne ke yanka, shi ke fita, shi ke dawowa ya haɗa. Caja biyu ce a bangon shago, kuma kusan kullum sai ya isa wurin aiki ya tarar ya ɗauko zarton wannan da batirin wancan. Yaya yana zuwa kowace safiya, ya zauna a kujera a bakin ƙofa da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Shi ke yin ciniki har yanzu, shi ke cewa a karɓi wannan aiki a bar wancan. Da kunne yake bin shagon. In zarto ya canza murya sai ya ɗaga kai ya ce, "Ƙarami, kana danna shi da yawa." Mafi yawan lokuta kuma gaskiyarsa ne.

Tela ba ta jira shi ba. Ta lallaɓa ta sami wani ɗan lungu a jikin shagon wata ƙawarta mai sayar da zare, ta mayar da kekenta can. Wata yamma da aiki ya yi sauƙi Ƙarami ya je kafa mata shiryayye. Ya auna, ya huda, ya ɗaure gefe ɗaya. Tana riƙe masa allon tana tsokanarsa cewa yau ta ɗauki kafinta mai tsada, ba ta san da me za ta biya ba. Sai wayarsa ta yi ƙara. Mai fenti ne, ya ce Yaya ya gaji yana so a kai shi gida, kuma ya ƙi kowa ya riƙe shi.

"Je ka," in ji Tela. "Zan tokare shi da kujera."

Ya tarar da Yaya a tsaye ya riga ya gyara hula. Ya rufe shago, ya ba shi hannu, suka bi gefen titi a hankali, yana gaya masa inda kwata take da inda aka tara yashi. Yaya yana cikin nishaɗi ranar.

"Na yi wani tunani," ya ce. "Yaranka sun girma, ɗakunan nan sun yi muku kaɗan. Na yi magana da magini. Ginin bayan gida inda kuke zai ɗauki bene. Sai mu ɗora maka ɗakuna a sama, da kicin ɗinka, ka yi masa kabad yadda kake so. Ka ga ba kai ba zancen haya har abada. Ko me ka gani?"

Wata babbar mota ta wuce ta kusa da su, Ƙarami ya jawo shi ciki ya tsaya har ta yi nisa.

"Allah Ya kai mu, Yaya," ya ce. "Ɗaga ƙafa, akwai dutse."